Labulen da Ba Taga a Bayansa

Abu ɗaya na roƙi mijina Saifuddeen, ya kama mana ɗaki mai taga. Ya san dalili. Lokacin korona, da na iso Doha, an killace ni a wani otal, a ɗakin da tagarsa ba ta buɗuwa, kuma bango kawai take kallo. Ina ciki aka bugo daga Gusau aka ce Inna ta rasu. Na yi kukana daga ni sai bango. Shi kuwa ta waya ya ce in yi haƙuri, doka ce. Tun daga ranar, in aka rufe ni inda ba na ganin sama, numfashina sarƙewa yake.

Da gasar Kofin Duniya ta zo, ya ce zai share min hawaye. Ya kama ɗaki a wani ƙaton jirgin ruwa da aka ajiye a tasha aka mayar otal, mai shegen tsada. Ya yi ta nuna min hoto a waya, ga teku, ga baranda.

Bayan la'asar muka baro gidanmu na unguwar Madinat Khalifa. Da muka isa jirgin, wata ma'aikaciya ta yi ta gangarawa da mu ƙasa, har ta buɗe mana wani ɗan akurki mai warin danshi. Na hango labule shuɗi, na ruga na yaye.

Bango ne. Bango fari fat, an rataya masa labule don a raina wa mutane hankali.

Ban gama haɗiye wannan ba sai rufin ya ɗauki rawa. Ashe zauren caca ne a samanmu. Da yake ƙasar ta hana caca, sai aka lulluɓe teburan aka sakar wa 'yan kallon ƙwallo wurin, su kuma suka shigo da ganguna. Kofin da ke kan tebur har tafiya yake da kansa.

Na ce, "Injiniya, je ka faɗa musu ba wannan ka kama ba."

"To, mu ga zuwa gobe mana."

"Ba gobe, yanzu. Ka ɗaga murya sau ɗaya a rayuwarka, saboda ni."

Mutumin nan fa a kamfanin gas jama'a ce a ƙarƙashinsa. Amma zaman ƙasar mutane ya koya masa sunkuyar da kai, ko ƙafarsa aka taka shi ke ba da haƙuri. Ya gyara hula ya fita. Na tsaya a bakin ƙofa ina haki, ina roƙon Allah ya dawo da makullin wani ɗaki, ko ya dawo a fusace ya ce mu koma gida. Kowanne ya ishe ni.

Sai ga shi yana murmushi.

"Wallahi mutanen kirki ne, Barira. Manajan ya ce khalas, wato shi ke nan, jirgi ya cika, amma ya ba da haƙuri sosai. Duba, har ya ba mu wannan kyauta."

Ya buɗe tafin hannunsa. 'Yan soso ne guda biyu, na toshe kunne.

"Tagar fa?"

"Ai ban so in matsa masa ba, na ga aiki ya yi masa yawa. Ke dai ki ƙara haƙu..."

Ban taɓa jin haushin mutum irin na wannan lokacin ba. Manajan bai san Inna ba, amma Saifuddeen ya san ta. Na karɓi soson na murza na cusa a kunnuwana. Gangunan ba su ragu ba ko kaɗan, har cikin ƙirjina nake jin su. Amma shi, bakinsa kawai na ga yana motsi.

Na ɗauki jakata na hau matakala ni kaɗai, ina neman inda zan ga sama.