Kiran Banshai

A ƙauyen su Kyrshan, can kan duwatsun Khasi, uwa ba suna kaɗai take raɗa wa ɗanta ba. Tun yana goye take ƙago masa ɗan sauti nasa shi kaɗai, da shi take kiransa ko yana ƙetaren kwari. Ran da mutum ya mutu, sautinsa ya bi shi, ba mai sake busa shi.

Kyrshan ya san haka sarai. Amma da zazzaɓi ya ɗauke ƙanensa Banshai, wanda suka kafa ƙungiyar hip-hop tare a birnin Shillong, kewa ta rufe masa ido, ya ɗauki kiran yaron ya dasa a amshin sabuwar waƙarsu. Shekara da shekaru suna zuba baiti da harshen Khasi ba mai waiwayarsu, sai ga wannan ta kama gari. Har aka gayyace su babban wasan birni, abin da suka daɗe suna mafarki.

"Ka ga ɗan banzan nan Banshai," in ji Wanlam, mai haɗa musu kiɗa, yana dariya ido jawur. "Yana raye bai iya tashi da wuri ba, yanzu shi ke tashe."

Kafin wasan Kyrshan ya je gida. Ranar kasuwa ya raka mahaifiyarsu, wadda suke kira Mei, kai tsintsiya. Suna cikin tafiya wani direba da ke wanke mota ya busa amshin da baki. Tsohuwa ta saki kaya ta juya da sauri, fuska a sake, tana dube-dube. Da ta ga mai busawar, sai ta durƙusa tana tattara tsintsiyarta.

Kunya da baƙin ciki suka kama Kyrshan.

"Mei, ni ne na..."

"Na sani, an gaya mini." Ta ɗaure kayan. "Ban ce ka yi laifi ba, ɗana, kai ma naka ne. Amma kunnena bai san ya mutu ba. Duk wanda ya busa, sai na waiwaya."

Yana komawa Shillong ya ce wa Wanlam ya cire kiran daga waƙar.

"Ka haukace? Shi ne fa gishirin miyar!"

"Cire, na ce. Bar wurin fayau."

Ranar wasa fili ya cika maƙil. Kyrshan ya zuba baitinsa, ganga na dukan ƙirji. Da aka iso amshi, kiɗa ya ɗauke ɗif, kamar yadda suka shirya. Ya sunkuyar da kai, a ransa yana cewa ya mayar wa Mei abinta.

Sai wata yarinya a gaba ta busa. Na kusa da ita suka karɓa, na baya suka ɗauka, har filin kaf ya ɗauki kiran Banshai, suna murna, sun zaci wurin nasu aka bari.

Kyrshan ya ɗaga hannu su yi shiru. Suka ƙara ƙarfi.