Farar Ƙasa a Bangon Juliana

Ambaliyar da aka yi shekara huɗu bayan sojoji sun koma bariki ta bar wa kowane gida a gangaren unguwar Nasarawa ta Kaduna layin laka a bango, daidai ƙirjin mutum. Juliana mai ɗinki ba ta da komai a duniya sai ɗaki biyun da mijinta ya mutu ya bar mata da yara uku.

Sai ga maƙwabcinta Baba Sylvanus, tsohon ma'aikacin masaƙa, mutumin da magana ba ta kwana a cikinsa. Wai akwai dokar hana gini kusa da kogi, yanzu gwamnatin farar hula za ta farfaɗo da ita. Duk bangon da aka ga layin ruwa, jan fenti za a shafa masa, katafila ta biyo baya. Hankalin Juliana ya tashi ƙwarai. Ta sayo farar ƙasa, ta yi kwana biyu tana shafe bango ciki da waje har hannunta ya tsattsage. Gida ya fito fes.

Ranar Talata ma'aikata suka zo. Ashe rabin labari Baba ya ji! Rushewa kam za a yi, amma duk gidan da ruwa ya ci za a ba mai shi fili a tudu, wajen Romi, kuma layin nan shi ne hujja. Shi gogan naka, da lalaci ya hana shi shafe nasa, nan take aka rubuta sunansa.

Shugabar ma'aikatan, Madam Edith, ta dubi bangon Juliana ta wuce. Juliana ta tare ta, ta yi rantsuwa, ta ɗauko wuƙa tana kankarewa. Farar ƙasar ta ɓantare tare da lakar, sai bulo tsirara.

"Mama, na yarda da ke," in ji Edith. "Amma abin da ido ya gani aka ce in rubuta."

"To nawa ma za ku rushe?"

"A'a. A takarda, ruwa bai zo gidanki ba."

Kafin damina ta kewayo an kwashe maƙwabta, katafila ta share gidajensu tas. Yanzu ko katanga ɗaya babu tsakanin ƙofarta da kogin Kaduna. Ran da hadarin farko ya haɗu, ta sa wa yaran takalma tun da rana, ta ce kada wanda ya cire, ko da ruwa zai zo cikin dare.