Abin da Innayatu Ta Rubuta

A ofishin kare yara inda Innayatu take aiki, ita kaɗai ce mai jin Hausa, don haka duk takardar da ta zo da sunan Bahaushe teburinta ake jefa ta. Hausar tata kuwa ta kicin ce, wadda ta tsinta a bakin uwarta a unguwar Anbariyya. A Madina aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar kakanninta ba, amma a ofis ɗaukarta ake kamar ta haddace Hausawa kaf. Ita ma har ta fara yarda.

Wata Lahadi asibiti suka turo batun Sundus, 'yar shekara biyar da ruwan shayi ya ƙone wa hannu. Ƙa'ida ce a je gida a duba. Uban, Lurwanu, ɗalibin jami'a ne, yana aji. Uwar, Raudatu, ita ta tarar a ɗakinsu na haya a unguwar Jurf. Gida tsaf, ƙunar an wanke an ɗaure. Amma awa guda Innayatu tana zaune, Raudatu jaririnta kawai take yi wa wasa, Sundus ko kallon kirki ba ta samu ba.

"Yaya sunanta?" in ji Innayatu, tana nuna Sundus.

Raudatu ta sunkuyar da kai. "Yana jikin takardar, Yaya."

"Kina son ta kuwa?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Waccan? Ai ta kakarta ce."

Ran Innayatu ya ɓaci. Ta koma ofis ta rubuta da Larabcinta mai kyau cewa uwar ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta taɓa ta, har ba ta amsa cewa tata ce. Ga rauni a jiki, ga shaidar ma'aikaciya, sai doka ta yi aikinta, ko iyaye sun yarda ko ba su yarda ba. Bayan kwana huɗu aka kai Sundus gidan kula da yara.

Ranar Juma'a, Innayatu na cin shinkafa a gidan uwarta Hajiya Sharifa, ta ba da labarin ba tare da suna ba, tana jiran a yaba mata. Tsohuwar ta ajiye cokali.

"Ya binti, 'yata, yarinyar 'yar fari ce?"

"Ita ce babba."

"Innalillahi. Kin cuce su. Mu can mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ke kin taɓa jin na kira yayanki Yahya da sunansa?"

Ba ta taɓa ji ba. Shekara talatin tana jin "babban gida", tana zaton laƙabi ne.

Da ta koma ofis ta nemi a janye rahoton, shugabarta, Ustaza Zulfa, ta saurare ta tana duba agogo. "Khalas, magana ta ƙare, takarda ta wuce, da sa hannunki. Akwai ziyara ranar Talata, wata ce za ta sa ido, ba ke ba. In ta ga shaƙuwa, yarinya ta koma gida. In ba ta gani ba, sai ta yi wata shida a can." Karatun Lurwanu kuwa saura wata biyu ya ƙare, izinin zamansu ya ƙare tare da shi.

Innayatu ta koma Jurf, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta tarar Raudatu ta rame, tana ninke kayan Sundus da ba mai sawa.

"Ranar Talata ki rungume ta, ki kira sunanta da ƙarfi, ki sumbace ta."

"A gaban mutane, Yaya?"

"In kina son ta dawo."

Raudatu ta yi kwana uku tana gwadawa ita kaɗai a ɗaki.

Ranar ziyara Innayatu ta tsaya a bayan gilashi. Aka shigo da Sundus riƙe da hannun mai reno. Tana ganin uwarta fuskarta ta washe, ta nufi gefenta za ta zauna shiru kamar yadda suka saba. Sai Raudatu ta zube a gwiwa, ta ware hannu, ta ƙwala, "Sundus! Sundus, 'yata!"

Yarinyar ta tsaya cak. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin wannan daga bakin nan ba. Ta ja da baya, ta fashe da kuka, ta ruga ta ɓuya a bayan mai reno.

Matar da aka sa ta sa ido ta sunkuya tana rubutu. Innayatu ba ta buƙaci leƙawa ba, ta san jimlar, da hannunta ta rubuta irinta ba sau ɗaya ba: yarinya tana tsoron uwarta.