Batir Mai Haƙuri

Ranar Laraba mijina Radisav ya tasa ni gaba sai mun je shagon Dobrivoje sayen batir. Kwana biyu ke nan ina gasa tattasan ajiyar hunturu, bayana kamar zai tsinke, amma na ɗauki jakata na bi shi, don yanzu ba na barinsa ya hau bas shi kaɗai.

Shekara talatin da huɗu mijina ya yi yana ɗaura ƙofofi a masana'antar motoci ta nan garinmu Kragujevac. Da ya yi ritaya sai ya koma wa wata 'yar mota ja da ake tuƙawa da rimot, tsawonta bai kai kamu biyu na tafin hannu ba. Duk Lahadi su shida, tsofaffin abokan aiki, suna haɗuwa a filin bayan kasuwa, su jera robobin ruwa su fitar da hanya, su yi ta tsere suna zagin juna. Da can gori nake yi masa, ƙato da furfura yana bin abin wasan yara. Na daina, saboda Lahadi ce kaɗai ranar da yake tashi ya san wace rana ce ba tare da ya tambaye ni ba.

Sauran biyar ɗin, har da Svetozar, duk sun koma sabon batir, wanda suke kira lifo, motocinsu na wuce tasa kamar tana tsaye. Shi har yanzu tsohon na nikel yake sawa, ga nauyi, ga shi ya fara mutuwa tun kafin zagaye na biyar.

"Kawu Rade, yau za a shiga zamani ke nan?" in ji Dobrivoje yana wa Radisav murmushi. Ɗan tsohuwar maƙwabciyarmu ne, a gabanmu ya girma har ya yi sanƙo.

"Na gaji da ganin ƙeyar motar Svetozar. Mutumin da ko keke bai iya ba, wai shi ne yake tambayata ko ya aiko da jaki ya ja ni."

Dobrivoje ya yi dariya ya ɗora batura biyu a kan kanta. Ya dafa siririn.

"Wannan lifo ne, gudu sai ka ce na gode. Amma yana da sharaɗi. In za ka yi cajinsa, cikin jakar nan da ba ta cin wuta za ka sa shi, ka zauna kusa da shi har ya cika, kusan awa guda. Ba a barinsa ya ƙare ƙaf. In za ka ajiye shi, rabin caji ake bar masa. In ya kumbura, ya gama aiki. Aka yi sakaci, kamawa yake da wuta."

"Wancan fa?"

"Na nikel ne, irin naka. Ba gudu sosai, amma akwai haƙuri. Ka manta da shi wata guda a aljihun tebur, ba abin da zai yi maka."

Ni kuwa hankalina ya koma gida. A hawa na huɗu na bene muke zaune, da mutane sama da ƙasa. Watan jiya Radisav ya ɗora kofi a wuta ya fita baranda, sai da mariƙin tukunyar ya narke. Na san wadda za ta yi zaman awa gudan nan. Ni ce mai gadin murhu, ni ce mai gadin ƙofa da makullai da ƙwayoyin maganin safe da na yamma, yanzu kuma a ƙara mini batir. Gaskiya na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Amma ba zan iya hana shi a gaban yaron da ya taɓa goyawa a kafaɗa ba.

Radisav ya ɗauki siririn yana juya shi. "To shi wannan, sai in haɗa shi da wuta in tafi sayen burodi?"

Dobrivoje ya sake bayani tun daga farko, a hankali. Mijina ya gyaɗa kai, ya ba da labarin yadda Svetozar ya kifar da motarsa cikin kwata, muka yi dariya. Can sai ya nuna batirin.

"In ana cajinsa, ba sai an tsaya a kansa ba ai, ko?"

Dobrivoje ya juyo ya kalle ni. Radisav kuwa ya ga kallon.

"Milunka," ya ce, "na riga na yi tambayar nan, ko?"

Kullum ƙarya nake yi masa in ce a'a. Ranar ƙarfin yin ƙaryar ma babu.

"An yi maka bayani sau biyu, Rade."

Ya daɗe yana kallon kantar. Sannan ya sa yatsa ɗaya ya tura siririn batirin gaban Dobrivoje.

"Ba ni mai nauyin, yaro. Svetozar ya yi ta wuce ni. Dama gaggawarsa ce ta sa ƙofofin da yake ɗaurawa ba sa rufuwa."

Ya biya da kansa, ya karɓi ledar. Na ji sanyi a raina, na kuma ji kunyar jin sanyin. A tashar bas ya riƙo hannuna, abin da ya yi shekaru bai yi ba, ya ce, "Ki yi haƙuri, tsohuwa. Na san ina ba ki aiki." Na ce ya bar maganar, na juya ina gyara ɗankwalina don kada ya ga idona.

Mun wuce tasha huɗu, ledar na kan cinyarsa ya rungume ta, sai ya juyo da fara'a.

"Kin san me? Gobe mu leƙa wajen Dobrivoje. Akwai wani sabon batir da su Svetozar suke sawa, lifo suke ce masa. Shi nake so."

Abin da ya yi a shagon nan ya fi komai wuya, ya kuma yi shi da kansa, ga shi ni kaɗai na rage da saninsa. Gobe sai an sake tun daga farko.

"To, Rade," na ce. "Allah ya kai mu."