Kan Bel ɗin Baba Ergash

"Wayyo Allah, Muyassar! Me kika yi min?"

Baba Ergash ya ɗaga wani kan bel ɗin soja na tagulla mai tauraro a tsakiya. Abin sai walƙiya yake kamar sabon tire. Muyassar, maƙwabciyarsa da ke zuwa yi masa shara tun rasuwar matarsa, ta tsaya da tsumma a hannu, ita a dole ta yi abin kirki.

"To, na ga ya yi baƙi ƙirin ne, Baba. Haka za ka kai wa mutane?"

"Baƙin ai shi ne abin, 'yar nan! Da wannan baƙin mahaifina ya dawo daga yaƙi!"

Shekara da shekaru tsohon nan yana tara hulunan kwano da gorunan soja, amma bai taɓa samun ƙarfin halin zama da masu tara irin kayan ba, waɗanda ke haɗuwa kowace Lahadi a gidan shayin bayan kasuwar tsofaffin kaya ta Tashkent. Ka'idarsu, baƙo ya ajiye abu ɗaya a tebur, ya faɗi sunansa da tarihin abin. In sun zuba masa shayi, ya shiga. Gobe ne za shi.

Ranar Lahadi Muyassar ta kasa ko da kwaɓa gurasa don fargaba. Can da la'asar sai ga shi yana tafe, yana kaɗa sanda kamar saurayi.

"Sun zuba min! Wallahi sun zuba!" Ko zama bai yi ba. "Ina ajiyewa, Davron, babbansu, ya rufe ido ya ce, 'Jama'a, wa ya kunna fitila?' Aka kwashe da dariya. Na ce, 'Ni ne Ergash, tsohon direban bas. Wannan na ubana ne, maƙwabciyata ce ta yi masa wankan sallah.' Wani har da ƙwalla! Kin san sunan da suka sa min? Mai Ƙyalli!"

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Rabon da ta ga farin ciki haka a fuskarsa, ta manta. Duk makon nan bai da zance sai Lahadi mai zuwa, wace hula zai kai, me zai ce wa Davron.

Ranar Juma'a da hantsi ta shiga da kwanon shinkafa, ta same shi zaune a kujera, hular kwano a cinyarsa. Ta yi magana, shiru, ashe rai ya yi halinsa.

Mutanen gidan shayin suka zo jana'iza dukansu, suna tambayar yara, "Ina ne gidan Mai Ƙyalli?"

Bayan arba'in ɗansa ya kawo mata kan bel ɗin, ya ce ita ta fi cancanta da shi. Ta juya shi a tafin hannu. Gefen tauraron ya fara dusashewa. Hannunta ya kai kan tsumma, sai ta tsaya. Ta mayar da tsumman aljihu, ta ajiye abin a bakin taga.