Hatimin Kurihara

Aikin Kurihara Fumie ba na faɗa wa surukai ba ne. A wani kamfani take a Osaka, masu shafin intanet na finafinan manya, kuma ita ce mai tantance shekaru. Doka ta ce fim ba ya hawa shafi sai an ga katin shaidar duk wanda ya fito a ciki, an tabbatar ya kai shekaru, an adana kwafi. Ita ke gani, ita ke buga hatiminta.

Sai ga maigidan, Inomata, ya sayo tulin finafinai daga wani kamfani da ya durƙushe. Mutum ne mai son banza, in ya ga araha har kunnensa rawa yake. Ɗaya daga cikin finafinan ba shi da katin yarinyar da ke ciki. Ba suna, ba ranar haihuwa, ba komai.

Takardar amincewa ta zagaya ofis. Kowa ya buga hatiminsa a ɗan karkace, kamar hatimin yana rusuna wa gurbin maigida, yadda na ƙasa ke yi wa na sama. Gurbin Kurihara kaɗai ya rage, sai Inomata ya kawo mata takardar da kansa.

"Kurihara, buga mana, muna sauri."

"Ina katin, Yallaɓai?"

"Haba! Ki dube ta mana. Wannan ai ta girma."

"Ido aka ce in adana, ko kati?"

Ranta ya ɓaci ƙwarai, domin ta san in ƙaramar yarinya ce, ranar da fim ɗin ya hau shafi an gama da ita, ba mai iya kwaso shi. Inomata ya sunkuyo yana murmushin mugunta.

"Kin san dai mace mai shekarunki ba ta samun wani aikin a garin nan."

Ta sani sarai. Amma ta jawo hatimin, ta danna a jar tawada, ta juya shi kai ƙasa, ta buga ɗam.

Tabɗi! Ko ɗan koyo ya san fassarar wannan: na gani, ban yarda ba. Gara ma gurbi ya zauna wayam, a ce mantuwa ce. Amma mai bincike ya ga hatimi a kife, ai tambaya ce za ta biyo tambaya.

"Ke! Kin haukace?"

"Lafiyata ƙalau."

"A kawo sabuwar takarda!"

"A kawo ɗari ma, Yallaɓai. Hannuna bai gaji ba."

Inomata ya cika ya yi fam. Ya ce ta kwashe kayanta, daga yau ba ta da kujera. Da aka kawo sabuwar takardar, ya juya wajen mataimakinta, Shibuki, wani salihi da ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya ba shi haƙuri.

"Shibuki, kai ne mai tantancewa yanzu. Buga a gurbin."

Shibuki ya miƙe, ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tebur.

"A gafarce ni, Yallaɓai. Na manto hatimina a gida."

Ƙarya tsagwaronta! Ga jan hatiminsa can a tsohuwar takardar, ko bushewa bai gama yi ba. Inomata ya bi sauran da kallo, kowa ya dukufa kan aikinsa sai ka ce an aiko shi.

"To, ka buga naka mana a gurbin," in ji Kurihara tana zuge jaka. "Ai kai ka ce ta girma."

Inomata ya ɗauko hatiminsa, ya kai shi kan takardar, hannun ya tsaya a sama. Ya san mai hatimi a gurbin nan shi doka za ta kama, sai ya mayar aljihu.

Fim ɗin bai hau shafi ba. Ita ma ba a kira ta ta dawo ba.