Madubin Baba Mai-aski

Baba Mai-aski yana goge haƙoran injin aski da tsohon buroshi lokacin da ɗansa, wanda kowa ke kira Akawu, ya leƙo baranda yana sosa ƙeya. Tun da aka sa dokar kulle saboda annoba aka rufe shagon tsohon, aka kwaso shi da jakar kayan aikinsa zuwa benen ɗan nasa mai zafi kamar tanda. Kowa a gidan ya samu abin rage lokaci. Matar Akawu tana renon tumatir a bokitin fenti, jikoki mata biyu suna ludo har su yi faɗa. Shi kuwa Baba, daɗinsa ɗaya ne: kowace safiya ya shimfiɗa tawul, ya jera almakashi da aska da mataji, ya shafa musu mai, ya mayar. Ba wanda ya taɓa zama a gabansa.

Ranar dai sumar Akawu ta zama daji, ga shi gobe zai yi taro da manyan ofis ta kwamfuta. Ya ce ko Baba zai ɗan rage masa. Tsohon ya ɓoye murnarsa. Ya jawo kujera kawai.

Sai surukar ta fito da sharaɗinta. Ta ce likitoci sun hana kusantar fuska, musamman ga tsofaffi, don haka sai Baba ya sa takunkumi da safar hannu ta roba, irin ta wanke-wanke. Mai aski kuwa da yatsu yake gani. Da su yake jin tudu da kwarin kai. Baba ya sani, amma baƙo a gidan ɗansa ba ya gardama da mai ba shi abinci. Ya sa.

Yana sunkuyawa numfashinsa ya hau tabarau ɗinsa, komai ya zama hazo. Zufa ta cika safar. Ya laluba bayan kunne, bai ji komai ba sai roba. Injin ya zame, ya share hanya fara fat daga kunne zuwa tsakar kai.

“Baba ya fitar mana da sabon titi,” in ji surukar, wayarta a sama. Ashe tun farko ɗauka take.

Akawu ya shafa wurin, sannan ya yi irin dariyar da ake yi wa yaro. “Ba komai, Baba. Tsufa ne. Kwashe duka kawai.”

Da tsohon ya ce tabarau ne, da sun ce uzuri ne. Ya kwashe kan tas, ya karkaɗe tawul, ya shige ɗaki.

Kafin la'asar bidiyon ya zaga dangi. Daga kan gadonsa yana jin ƙarar injinsa tana fitowa daga waya, ana maimaitawa, ana ƙyaƙyata dariya. Har 'yarsa ta cikinsa da ke aure nesa ta bugo, ta ce rabon da ta yi dariya haka tun kafin annoba, Allah ya bar musu Baba. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. Jikokin ma suka bar ludo, suka ƙirƙiro sabon wasa: ɗaya ta zauna, ɗaya ta riƙe cokali tana karkarwar hannu.

Da sumar ta sake tofowa, surukar ta shiga ɗakin tsohon ta ɗauki jakar ba tare da ta tambaya ba. Ta ce ta koya a waya, abin ba wuya. Ba takunkumi, ba safa, ai mijinta ne. Don kada Baba ya ji an ware shi, ta miƙa masa madubin hannu ya riƙe musu, aikin da shi a da yake ba sabon yaron shago.

Ya tsaya gaban ɗansa, ya ɗaga madubin daidai ido. Hannun da bai taɓa rawa da aska ba, yau ya soma rawa da gaske.

Akawu ya karkata kai hagu, ya karkata dama, yana neman fuskarsa.

“Baba, jingina shi da bango kawai,” ya ce. “Je ka huta.”

Tsohon ya jingina. Bangon kuwa ya riƙe shi cak.